Ma'anar "giya mai tsami", da dalilin da ya sa ba kowacce ce lambik ba

A 'yan shekarun nan babu kalmar da ta fi yawo a bakin masu haɗa giya a gida don sha'awa kamar "mai tsami". Ana rubuta ta a jikin kwalba, ana kiran zaman ɗanɗano da sunanta, masu gabatar da shirye-shirye kuma sun ɗauke ta suna yaɗawa ba tare da sun tsaya sun tambayi abin da take nufi ba. A Hausa matsalar ta ninka, domin idan muka ce abu ya yi tsami yawanci muna nufin ya kwana ya lalace, har dangantakar mutane ma muna cewa ta yi tsami idan ta ɓaci. Saboda haka mai sauraro yakan ɗauka cewa mutanen nan kwalaben da suka lalace suke musaya suna yaba wa juna. Wannan kuskure mai sauƙin gyara ne, domin tsamin da ake nufi da gangan ake kawo shi, kuma mai haɗawa ya san abin da ya kawo shi. Ruɗanin da ya fi ba ni haushi yana cikin masu abin su kansu, waɗanda suka ɗauki kalmomi uku, wato "mai tsami" da "ta daji" da "lambik", suka cakuɗa su kamar ma'anarsu ɗaya ce.

Giya ta yau da kullum ruwan tsiron sha'ir ce da aka dafa da furen hop mai ba ta ɗaci, sannan aka zuba mata yis mai suna Saccharomyces, wanda ke cinye sukari ya fitar da barasa da iska. Tsami kuwa yawanci aikin bakteriya ne. Lactobacillus da Pediococcus suna mayar da sukari asid ɗin laktik, wanda shi ne ke sa madara ta yi tsami, kuma tsaminsa mai laushi ne a harshe. Acetobacter kuma, idan ta sami iska, tana mayar da barasa asid ɗin asetik, wato na ruwan khal, mai kaifi da yake ƙona maƙogwaro. A ma'aunin pH, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, giya ta yau da kullum tana tsakanin 4.0 da 4.5, mai tsami kuwa takan sauka zuwa 3.2 ko 3.5. Ke nan "mai tsami" bayanin ɗanɗano ne kawai. Kalmar ba ta faɗin yadda aka yi giyar, ba ta faɗin tsawon lokacin da ta ɗauka, ba ta kuma faɗin inda aka yi ta.

Daga nan sai mu zo ga wanda aka fi yi wa ƙarya a wannan harka, wato yis ɗin da ake kira Brettanomyces, wanda masu haɗa giya suka taƙaita sunansa zuwa Brett. Kusan a kowane zaman ɗanɗano za a sami wanda zai kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce Brett ya yi yawa shi ya sa ta yi tsami haka. Maganar ba ta da tushe, kuma tarihin sunan ma ya isa ya nuna hakan.

A 1876 Louis Pasteur ya wallafa bincikensa a kan giya, inda ya nuna cewa ƙananan halittu ne baƙi ke shiga cikinta su lalata ta. Shekara bakwai bayan haka, a 1883, Emil Christian Hansen na ɗakin binciken Carlsberg da ke Kofanhegan ya yi nasarar ware ƙwayar yis guda ɗaya ya raine ta ita kaɗai, kuma daga lokacin masana'antun giya suka sami hanyar samar da ɗanɗano iri ɗaya a kowane dahuwa. Sai dai hanyar ba ta karɓi tsohuwar giyar Ingila ba, irin wadda ake ajiyewa watanni a gangar katako, domin duk lokacin da aka yi ta da tsaftataccen yis sai ta rasa wani ƙanshi da aka san ta da shi. Wani masani a Carlsberg mai suna Niels Hjelte Claussen ne ya gano cewa akwai yis na biyu da ke aiki a hankali bayan na farko ya gama, kuma a 1904 ya gabatar da shi ga masanan giya na Ingila da sunan Brettanomyces, wanda ma'anarsa ita ce naman gwarin Birtaniya. Abin da Claussen ya je nema ƙanshi ne da bushewar ɗanɗano, kuma su ya samo. Abin dariya shi ne a wannan gida na Carlsberg ɗin dai, a 1909, Søren Sørensen ya ƙirƙiro ma'aunin pH, wanda da masu zargin Brett za su tsoma na'urarsa cikin kofinsu da gardamar ta mutu tun da daɗewa. Gida ɗaya ya koya wa duniya yadda za ta kori baƙin ƙwayoyi daga giya, ya raɗa wa mafi shahara a cikinsu suna, sannan ya ba da awon tsami, amma bayan fiye da shekara ɗari mutane suna nan suna haɗa ukun a baki ɗaya.

Aikin Brett na gaskiya shi ne ya cinye dogayen sukarin da yis na yau da kullum ya kasa ci, ya bar giyar a bushe, ya kuma samar da sinadaran da ke ba da warin da masu ɗanɗano ke kwatantawa da bargar doki, ko tsohuwar fata, ko hayaƙi, wani lokaci kuma ƙanshin abarba. Yana iya yin ɗan asid na khal idan iska ta shiga ganga, amma wannan alama ce ta sakaci wajen rufewa. Giyar Orval, wadda sufayen wata majami'a a kudancin Beljiyam ke yi, tana ɗauke da Brett, kuma duk wanda ya ɗanɗana ta ɗaci da bushewa zai ji kafin komai. Wannan shi ne abin da "ta daji" ke nufi: giyar da wata halitta ban da yis na gida ta yi aiki a cikinta. Tana iya yin tsami, tana iya ƙin yi. Littafin dokokin alƙalan gasar giya na BJCP, ƙungiyar da aka kafa a Amurka a 1985, ya raba su, inda ya ware rukuni ɗaya ga giya mai tsami ta Turai, wani rukunin dabam ga giyar daji ta Amurka.

Kalma ta uku ita ce aka fi wulaƙantawa. Lambik sunan giyar wani yanki ne ƙarami a Beljiyam, wato birnin Burasels da kwarin kogin Senne da ƙasar Pajottenland da ke kudu maso yamma da shi, kuma ana yawan danganta sunan da garin Lembeek. Ana yin ta da tsiron sha'ir da ɗanyar alkama kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, da furen hop da aka ajiye shekaru har ɗacinsa ya tafi amma ƙarfinsa na hana ruɓewa ya rage. Bayan dahuwa ba a zuba yis ko kaɗan. Ana juye ruwan mai zafi cikin wani faffaɗan faranti na ƙarfe marar zurfi a saman bene, a bar tagogi a buɗe ya kwana yana hucewa, abin da ke cikin iska da katakon ginin ya faɗa ciki. Saboda haka a watannin sanyi kaɗai ake yin ta, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, domin iskar bazara tana ɗauke da abin da ba a so. Daga nan sai gangar katako, shekara ɗaya zuwa uku, inda halittu ke karɓar aiki bi da bi: yis na farko, sannan Pediococcus, wanda yakan sa giyar ta yi yauƙi har masu yin ta su ce ba ta da lafiya, sannan Brett ya zo ya warware yauƙin. Idan aka gauraya sabuwa da tsohuwa aka rufe a kwalba ta sake tashi, ita ce geuze. Gidan Cantillon da ke unguwar Anderlecht yana wannan aiki tun 1900.

Masu yin ta suna kishin sunan. A ƙarshen shekarun 1990 Tarayyar Turai ta ba shi kariya a matsayin kayan gargajiya, kuma lokacin da kamfanin Jester King na jihar Texas ya fara amfani da laƙabin Méthode Gueuze a 2016, ƙungiyar masu lambik ta HORAL ta nuna rashin yarda, har aka sauya laƙabin zuwa Méthode Traditionnelle a shekarar da ta biyo baya. To idan kamfanin da ya bi hanyar sau da ƙafa, da farantinsa da gangunansa da shekarunsa uku, ya haƙura da sunan, ban ga hujjar mutumin da ya sayi fakitin ƙwayoyi ya zuba a bokitin roba ya rubuta "lambik" a kan kwalbarsa ba.

Abin da mafi yawan masu sha'awa ke yi a gida shi ne tsamin tukunya. Ana zuba Lactobacillus cikin ruwan tsiro mai ɗumi kafin a sa hop, a bar shi kwana ɗaya zuwa uku har tsamin ya kai inda ake so, sannan a tafasa a kashe bakteriyar, a ƙarasa da yis na yau da kullum. Cikin mako biyu ko uku an gama. Da wannan hanya ake kwaikwayon Berliner Weisse ta birnin Balin, mai barasa kimanin kashi 3 cikin ɗari, da Gose mai gishiri da koriyanda, wadda ta samo suna daga garin Goslar na Jamus ta kuma yi fice a birnin Leipzig. Hanyar ba ta da laifi, kuma tana kare kayan aiki daga gurɓata. Amma a ganina tsaminta murya ɗaya gare shi, ana jin sa a kurɓar farko kuma babu abin da ke biyo bayansa, shi ya sa ake yawan lafta mata 'ya'yan itace don a cike gurbin. Tsami shi ne abu mafi arha a wannan fanni, kwana biyu sun isa a same shi. Abin da ke da tsada shi ne wata goma sha takwas na jira, da haƙurin zubar da gangar da ta ƙi yin kyau.

Wannan bambanci yana da nauyi a wurin musaya fiye da ko'ina, kuma dalilin ya wuce na alfahari. A Amurka dokar da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1978 ta halatta haɗa giya a gida, galan 100 a shekara ga babban mutum ɗaya, galan 200 ga gida mai manya biyu ko fiye, amma ba ta halatta sayarwa ba. Saboda haka kwalba da kwalba ake musaya, kuma abin da aka rubuta a jikinta shi ne kaɗai bayanin da mai karɓa ke da shi. Giyar tsamin tukunya ta gama aikinta, abin da ya fi mata shi ne a sanyaya ta a sha da wuri. Giyar da ke da Brett mai rai kuwa tana ci gaba da cin sukari a cikin kwalba watanni bayan an rufe ta, kuma idan an yi gaggawar ɗura ta kafin nauyinta, wanda ke nuna yawan sukarin da ya rage a cikinta, ya sauka kusa da 1.000 a na'urar awo ya kuma tsaya a nan, iska za ta taru har siririyar kwalba ta fashe. Dalilin ke nan da ake sa irin wannan giya a kwalba mai kauri irin ta shamfen, da toto da wayar ɗaure shi. Mutumin da aka ba kwalba aka ce masa "mai tsami ce" kawai bai san ko ya ajiye ta shekara ko ya buɗe ta gobe ba.

Haka kuma masu sha'awa suna da al'adar ɗibar lakar da ta kwanta a gindin kwalba su raine ta su zuba a sabuwar dahuwa, har ma sau da yawa lakar ce ainihin abin da ake musaya, giyar rakiya ce. Lakar tsamin tukunya yis ne na yau da kullum, ba za ta ba da tsami ba ko an jira shekara. Lakar giyar daji kuma takan maƙale a robar bututu da bokiti, inda wanki ba ya kai wa ga ƙananan tsagogi, ta gurɓata duk giyar da ta biyo baya, shi ya sa masu hankali ke ware mata kayan robarta dabam.

A teburin ɗanɗano ma kalmar ta zama mafakar kurakurai. Giyar da ke warin amai tana ɗauke da asid ɗin butirik, wanda yakan fito idan wasu bakteriya suka kutsa lokacin tsamin tukunya. Mai warin maganin goge farce tana da etil asetet da ya wuce kima, mai ƙona maƙogwaro kuma iska ce ta shige ta. Duk waɗannan ana jin masu su suna cewa ai haka mai tsami take, baƙon da bai sani ba kuma sai ya yi shiru don kunya. Mafi wayo a cikin kurakuran shi ne na sinadarin da ake kira THP, wanda hanci ba ya jin sa a kofi domin tsamin giyar yana danne shi, sai bayan an haɗiye, miyau ya rage tsamin da ke baki, sannan wani ɗanɗano mai kama da na gasasshen hatsi ko warin ɓera ya taso a bayan harshe. Mutane sun bambanta ƙwarai wajen jin sa, akwai ma waɗanda ba sa jin sa sam, don haka mutum biyu za su iya shan kwalba ɗaya su yi ta musu alhali kowannensu gaskiya yake faɗa. Sau da yawa yakan ragu idan aka bar kwalbar wasu watanni tare da Brett mai rai, wanda shi ma wani dalili ne da ya sa mai karɓa ke buƙatar a rubuta masa ƙwayoyin da aka zuba, da ranar ɗurawa, da nauyin ƙarshe da aka auna kafin a sa toto.