Kare majinyaci daga cutuwa a asibiti

Kare majinyaci daga cutuwa fanni ne na kiwon lafiya da yake duba illar da jinya kanta ke jawo wa mara lafiya, kamar a ba shi maganin wani, ko a yi masa ƙarin jinin da bai dace da nasa ba, ko a manta auduga a cikinsa bayan tiyata, ko ya shiga asibiti da ciwo ɗaya ya fito da wani. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa kusan majinyaci 1 cikin 10 na samun irin wannan illa, kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita abin na jawo mutuwar kimanin mutum miliyan 2.6 duk shekara.

Tarihi

Ana yawan danganta maganar kada likita ya cutar ga Hippocrates, wani likita na tsohuwar Girka, kodayake masana na ja kan lafazin. Inda abin ya fara kama ƙasa sosai shi ne 1847 a birnin Biyana, lokacin da wani likita ɗan Hangari, Ignaz Semmelweis, ya lura mata masu jego sun fi mutuwa da zazzaɓi a ɗakin haihuwar da ɗaliban likitanci ke aiki fiye da wanda ungozomai ke riƙe da shi, to da ya bi diddigi sai ya gano ɗaliban nan daga wajen feɗe gawa suke tahowa su taɓa mata da hannun nan ba wanki. Ya sa dole kowa ya wanke hannu da ruwan kilorin, mace-macen suka faɗi warwas. Abin takaici abokan aikinsa da yawa ba su yarda ba, ya rasu a 1865 a gidan masu taɓin hankali tun kafin duniya ta gaskata shi. A wajajen wannan zamanin ne wata nas 'yar Ingila, Florence Nightingale, ta matsa kan tsaftar asibitocin sojan Ingila a yaƙin Kirimiya.

A 1999 wani rahoto a Amurka ya ce kuskuren jinya na kashe mutum 44,000 zuwa 98,000 a asibitocin ƙasar duk shekara, kuma ya nuna yawancin kuskuren daga tsarin aiki yake, wato gajiya da ƙarancin ma'aikata da rashin miƙa bayani tsakanin mai tashi da mai karɓar aiki. WHO ta kafa shiri na musamman a 2004, ta fitar da takardar tambayoyi 19 da ake bi kafin tiyata da bayanta a 2008, sannan a 2019 aka ware 17 ga Satumba ta zama ranar wannan batu.

A Najeriya

Nan ƙasar abin da ya fi girgiza mutane magani ne. A 1990 yara sama da 100 suka mutu bayan shan ruwan farasitamol mai guba, an kafa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, a 1993, amma a 2008 aka sake maimaitawa da maganin haƙorin jarirai My Pikin wanda ya lalata ƙodar yara, aka ba da rahoton mutuwar 84, kuma Kaduna na cikin jihohin da abin ya shafa. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau har yau ana jayayya a kansa, an dai sasanta da gwamnatin Kano a 2009.

Wajen gyaran tsari akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da kundin haƙƙin majinyaci na 2018.

A Kaduna

Jihar na da manyan asibitoci irin su Barau Dikko, da na koyarwa na ABU da ke Shika, da Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, amma yawancin jama'a ƙaramin asibitin unguwa ko kemis suke fara zuwa, can kuma ake yawan haɗa wa mutum magani a leda ba suna ba takarda. Wanda ya taɓa kwana jinya ya san rabin tsaron mara lafiya a hannun mai jinya yake, ita ce take zaune a tabarma gefen gado tana kallon robar ƙarin ruwa, in ta kusa ƙarewa ta ruga ta kira nas, ita ce kuma za ta ce "Sista, ai an yi wa Baba wannan allurar ɗazu." Irin wannan magana ta ceci rayuka, shi ya sa masana ke son a daina ɗaukar ta a matsayin katsalandan, a kuma riƙa tambayar majinyaci sunansa a duba katinsa kafin kowace allura.

Kai ƙara ba shi da yawa. In an yi rashi dangi kan ce kwana ne ya ƙare su yi haƙuri, ma'aikaci kuma na tsoron faɗin kuskurensa kada a kore shi, sai abin ya wuce ba a rubuta ba, gobe ya sake faruwa da wani. Majalisar kula da aikin likitoci ta Najeriya, MDCN, ce ke sauraron ƙorafi kan likitoci, nas-nas da ungozomai kuma suna da tasu majalisar daban.