Ladabin aikin kula da masu nakasa a Ostareliya: tambayoyi da amsoshi

Wace doka ce wannan, kuma wa ta shafa?

A 2013 Ostareliya ta kafa shirin NDIS, inda gwamnati ke ware wa mai nakasa kuɗi ya ɗauki wanda zai taimaka masa da wanka, girki ko zuwa asibiti. Inda kuɗi suka shiga kuwa, dole a sa ido. A watan Yulin 2018 hukumar da ke sa ido kan shirin ta fara aiki da ƙa'idojin ladabin aiki. Sun hau kan kamfani mai rajista da marar rajista, da kowane ma'aikaci, har ɗan sa-kai.

Me suke bukata daga ma'aikaci?

Riƙe sirri, gaskiya a harkar kuɗi, iya aikin da aka ɗauke shi, hana cin zarafi da lalata, da kai rahoto da wuri idan ya ga abin da bai dace ba. A 2023 aka ƙara cewa ba a tsauwala wa mai nakasa farashin kaya don kawai gwamnati ce ke biya.

Idan mai nakasa ya zaɓi abin da ma'aikaci ke ganin kuskure ne fa?

Nan ne gizo ke saƙar. Ƙa'ida ta farko ita ce mutunta zaɓin mutum. Baligi ya ce zai fita kasuwa shi kaɗai a kekensa na guragu: ma'aikaci ya faɗa masa hatsarin, ya taimaka a rage shi, amma ba zai kulle ƙofa ba. A ganina wannan ta fi sauran wuya, domin sau da yawa tausayi ne ke sa a danne mutum, ba mugunta ba.

Sakaci ma laifi ne?

Ƙwarai. A Afrilun 2020 wata mata mai nakasa 'yar shekara 54 ta rasu a birnin Adelaide bayan an daɗe ana barin ta a kujera ɗaya dare da rana, ga shi ana biyan mai kula da ita. Kotu ta ɗaure ma'aikaciyar.

Wa zai iya kai ƙara?

Kowa: mai nakasar da kansa, danginsa, maƙwabci ko abokin aiki, ko da bai bayyana sunansa ba. Hukumar na iya cin tara, soke rajistar kamfani, ko haramta wa mutum aikin baki ɗaya.