Rancen NELFUND da tallafin karatu: abin da ɗalibin lafiya zai duba kafin ya sa hannu

Wata uwa a Anguwar Rogo da ke Jos ta ce mini 'yarta mai karatun jinya a Jami'ar Jos ta samu "sikolashif ɗin gwamnati". Da na duba saƙon a wayarta, sai na ga NELFUND ne, wato asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya. Na ce mata, "Hajiya, wannan rance ne, za a biya." Iyaye da yawa a garin nan haka suka ɗauke shi, kyauta.

Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar rancen ɗalibai a watan Yunin 2023, amma sharuɗɗanta sun yi tsauri: sai kuɗin shigar gida bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma sai an kawo mutum 2 masu tsayawa. A ranar 3 ga Afrilu 2024 aka sa hannu kan sabuwa wadda ta cire waɗannan duka. Yanzu ɗalibin makarantar gwamnati zai nema ta intanet da lambobinsa na JAMB, NIN da BVN. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, shi kuma a ba shi naira 20,000 duk wata. Babu kuɗin ruwa.

Inda dokar ta fi yi wa ɗalibin lafiya adalci shi ne lokacin biya. Sai an shekara 2 da gama bautar ƙasa ake fara cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Mai karatun likita zai yi shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, shekara 1 ta bautar ƙasa, sannan biyun nan. Shekara 10 ke nan kafin a taɓa aljihunsa. Mai karatun jagoranci da ba da shawara, wanda zai zauna da yaran da ƙwaya ko tashin hankali suka rikita, nasa lissafin shekara 7 ne.

Sai dai 20,000 ɗin ba ta kai ko'ina. Ka tsaya a Taminus, tsakiyar garin Jos, da safe ka ga ɗalibai da farar riga ninke a hannu suna jiran motar Lamingo, inda asibitin koyarwa yake. Kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye ta, balle littattafai da abin sauraren ƙirji. Shi ya sa nake ganin kada mai rance ya daina neman tallafi na gaskiya, wanda ba a biya, ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya da ke Abuja ko ta jiharsa.

Tallafin ma yakan zo da igiya. Wasu jihohi na sa ɗalibin lafiya ya yi alƙawarin yi musu aiki na wasu shekaru bayan ya gama, in ya saɓa ya mayar da kuɗin. Hajiyar ta ce sai mahaifin yarinyar ya dawo daga kasuwa su karanta sharuɗɗan tare.