Wuƙar aljihu mai ninkewa

Wuƙar aljihu mai ninkewa ƙaramar wuƙa ce wadda ruwanta ke juyawa a kan ƙusa ya shige cikin ƙota, don haka ƙotar ce kubenta. Daɗaɗɗiyar ƙira ce: an tono irinta mai ƙotar ƙashi a Hallstatt ta ƙasar Ostiriya, wadda aka ƙera wajen shekara 500 zuwa 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Mai saye yakan fara taɓa kaifi, alhali kaifi ana samunsa da dutsen wasa. Abin da ba ya gyaruwa shi ne zaman ƙota a hannu, kuma nan ne wahalar maƙeri take. Aljihu na son abu ƙarami, tafin hannu kuwa na son abin da zai cika shi. Ƙotar da ba ta ɗauki yatsu huɗu ba takan bar ƙaramin yatsa a waje, riƙo ya yi rauni. Wadda ta cika siranta ko take da gefe mai kusurwa takan ci tafi har ta tayar da bororo. Shi ya sa ƙotar wuƙar Opinel, wadda Joseph Opinel ya soma yi a Savoie ta Faransa a 1890, take da kauri kuma mulmulalliya, ƙarshenta ya ɗan buɗe don kada ta zame. Wasu maƙera sukan fafe gurbi a gindin ruwan inda manuniya za ta zauna, su yi 'yan tsage-tsage a doron wuƙar don babban yatsa ya samu madafa.

Bayan ƙota, abu na biyu shi ne makulli, abin da ke hana ruwan rufowa a kan yatsu. Tsohuwar ƙira sifirin, wato ƙarfe mai tanƙwaruwa da ke tokare ruwan, kawai take dogara da shi, kamar yawancin wuƙaƙen Victorinox na Suwizalan. Opinel ta ƙara zoben da ake murɗawa ya kulle ruwan a 1955. Wuƙar Buck 110 ta Amurka, wadda ta fito a 1964, ta yaɗa makullin doro, sannan a 1981 kamfanin Spyderco ya zo da rami a jikin ruwan don buɗewa da babban yatsa, da maƙalin aljihu. Da yawa daga makullan zamani na hannun dama ne, bahago ya gwada kafin ya biya.

A Legas akwai ƙarin lissafi, wato zufa da danshi. Ɗan kasuwar Mile 12 da ke yanke igiyar buhun albasa tun asuba, ko mai goro a Agege, hannunsa a jiƙe yake. Ƙotar ƙarfe mai sulɓi tana santsi, ta katako kuma tana kumbura da damina har ruwan ya ƙi fitowa. Roba mai kaushi ta fi dacewa. Iskar teku tana sa baƙin ƙarfe tsatsa da wuri, ko da yake ya fi sauƙin wasawa, kamar wuƙar Okapi da aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka. Ƙarfen da ke jure tsatsa sai ya ƙunshi aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari na sinadarin kuromiyom.

Wuƙa mai ninkewa ba wuƙar nama ba ce. Mai tsire a Obalende da mahauci doguwar wuƙa suke riƙewa, domin kitse da jini sukan maƙale a mahaɗar mai ninkewa, wanke ta kuwa sai da buroshi, a shanya, a ɗiga mata mai.