Ɗaukar Hoton Abinci a Gida da Neman Gyara a Kansa: Tambayoyi da Amsoshi

Mata da yawa da ke sana'ar abinci daga gida, masu tuyar masa da cincin da masu haɗa zoɓo da kunun aya, yanzu kasuwarsu tana cikin waya, kuma mai saye ba ya jin ƙamshi ta WhatsApp ko Instagram, hoto kaɗai yake gani kafin ya yanke shawara. Ga amsoshin tambayoyin da irin waɗannan masu girki suka fi yi.

Me ya sa abincina yake da kyau a ido amma ya fito a dushe cikin hoto?

Kusan kullum laifin haske ne. Ƙwan lantarkin kicin yana sauko da haske daga sama kai tsaye, sai inuwar hannu da ta waya su faɗa kan farantin, kuma idan ƙwan mai ruwan ɗorawa ne yakan mayar da farar shinkafa kamar wadda ta kwana. Filashar waya ta fi muni, domin tana sa man da ke saman miya ya riƙa ƙyalli har ya rufe abin da ke ƙasansa. Abin yi shi ne a kashe wutar ɗaki da filashar, a kai abincin kusa da taga ko bakin ƙofa, a ajiye shi yadda hasken zai zo daga gefe ko daga bayansa kaɗan. Idan rana ta yi ƙarfi, a saki farin labule marar kauri ya tace ta. Ɓangaren da ya yi duhu kuma, a jingina farin kwali ko farin faranti a wajen, zai maido da hasken kan abincin. Hantsi da la'asar sun fi tsakar rana, kuma a lokacin hunturu hazo yakan tausasa hasken tsakar gida.

Sai na sayi babbar kyamara?

A'a, wayar hannu ta isa. Sai dai a goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi kafin kowane hoto, saboda tururin mai da gumin yatsa suna sa hoto ya fito kamar an ɗauke shi cikin hayaƙi. Kada a jawo hoto da yatsu biyu, gara a matsa kusa da farantin.

Ta ina ya kamata in riƙe wayar?

Siffar abincin ce ke nunawa. Abin da ke shimfiɗe, kamar sinasir, kilishi, ko fura da nono a ƙwarya, daga sama ake ɗaukarsa. Abin da ke da tudu, kamar malmalar tuwo, dambun shinkafa ko kek, ya fi fitowa idan aka sunkuyar da wayar daidai yadda mai zaune zai kalli kwanonsa, wato kusan digiri 45. A kunna layukan da ke raba fuskar kyamara gida 9, suna taimakawa wajen daidaita faranti don kada ya karkace.

Tuwo da miyar kuka fa, ba sa yi mini kyau ko kaɗan?

Wannan miya tana da wuyar ɗauka, domin launinta kore ne mai duhu, kuma ba ta da gutsattsarin da ido zai kama. Ina ganin kuskure ne a ce abincin gargajiya ba ya hoto, shimfiɗarsa ce ba a kula da ita. A zuba miyar a farin kwano, a ɗora nama ko kifi a sama maimakon a bar shi ya nutse, a ɗiga man shanu, a ajiye ɗan yaji a gefe, sannan a goge bakin kwanon tas. Baƙin akushi yana fito da farin tuwo sosai, faifai ko tabarma kuma sun fi ledar tebur mai zane-zanen furanni da ke janye ido. Tururi ba ya fitowa sai hasken yana bayansa kuma bangon yana da duhu, don haka a shirya wurin tun kafin a sauke tukunya.

Ya halatta in gyara hoton da manhaja?

Ƙara haske kaɗan da yanke gefe da Snapseed ko Lightroom ba laifi ba ne. Amma idan aka ƙara ja har dafa-duka ta koma launin da tukunya ba ta taɓa fitarwa ba, ko aka cika farantin hoto da naman da mai saye ba zai samu a kularsa ba, an shiga algus, kuma wanda ya saya sau ɗaya ba zai dawo ba.

Wa zan nuna wa hotona ya gaya mini gaskiya?

Nan ne mutane suka fi yin asara. 'Yan uwa da ƙawaye za su ce “Masha Allah, ya yi kyau” saboda kara, kuma wannan yabo yana da daɗi amma ba ya gyara komai. Maimakon a tambaya ko hoton ya yi kyau, a ɗauki abinci ɗaya ta hanya biyu, a tura duka, a ce: wanne ya fi sa ki jin yunwa, kuma me ya sa? Ko a nuna wa wanda bai san abin da aka dafa ba, a ce ya faɗi sunan abincin da abin da idonsa ya fara sauka a kai. Idan ya ce cokali ko labule ya fara gani, to an san inda matsalar take. Mai ɗaukar hoton biki na unguwa ma ya san haske, kuma idan aka gaya masa lokacin da aka ɗauka da inda tagar take, zai ba da shawarar da za a iya aiki da ita. Gyaran da mutum biyu ko uku suka maimaita shi ne abin kamawa, a canza shi kaɗai a girki na gaba don a ga bambancin.

Me ya sa hoton yake lalacewa idan na tura?

WhatsApp yana matse hoto don rage data. Tun 2023 akwai alamar HD da za a taɓa kafin turawa don a rage matsewar, kuma idan mai duba hoton yana son ganinsa yadda aka ɗauka, a tura masa shi a matsayin fayil.