Haɗin gwiwar likitoci da likitocin haƙori a gidajen kula da tsofaffi na Japan

Wannan tsari ne da likitan da ke duba tsoho da likitan haƙori da nas-nas da masu hidimar yau da kullum suke haɗa kai wajen kula da bakin tsofaffin da ke zaune a gidajen jinya na dindindin. Japan ce ta yi fice a kansa, kuma ba abin mamaki bane tunda kusan kashi 29 cikin 100 na mutanenta sun kai shekara 65 ko sun wuce.

Asalin matsalar shi ne bakin tsoho ya daɗe ba mai shi. Likita na auna hawan jini da suga bai cika cewa buɗe bakinka in gani ba, shi kuma likitan haƙori yana zaune a asibitinsa yana jiran a zo, to wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar ko ciwon mantuwa ya kama ta yaya zai zo? Haka dattin ke taruwa a haƙora da dasashi da harshe wata da watanni.

Baki da nimoniya

Abin da ya tilasta ɓangarorin biyu zama tare shi ne nimoniya, wato ciwon huhu. Tsoho in haɗiya ta yi masa rauni, yawu ko abinci kan kauce ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, wani lokacin ya ƙware a gani, wani lokacin kuma cikin barci ne ba ko tari, to in bakin nan cike yake da ƙwayoyin cuta da su yawun zai gangara. Wani likitan haƙori Takeyoshi Yoneyama da abokan aikinsa, cikinsu har da likitocin tsofaffi na jami'ar Tohoku, sun bi mazauna gidaje 11 na tsawon shekara 2. Rukuni ɗaya ana goge musu baki bayan kowane cin abinci, ƙwararru kuma na zuwa sau ɗaya a sati, ɗaya rukunin aka bar su yadda suka saba. A waɗanda aka bari kashi 19 cikin 100 suka kamu da nimoniya, a waɗanda ake goge wa kashi 11. Sakamakon ya fara fitowa a mujallar Lancet a 1999, cikakkensa ya biyo a 2002. Buroshi ne fa kawai da hannun mai kula, ba wata na'ura mai tsada ba.

Wani binciken da aka yi a Tokyo ya fito a 2015 kan masu shekara 85 zuwa sama, ya nuna kwana da haƙoran roba a baki na ninka haɗarin nimoniya fiye da sau 2, shi ya sa ake cire su da dare a wanke.

Batun magunguna

A nan ne likitan haƙori ba zai iya aiki shi kaɗai ba. Tsofaffin nan da yawansu suna shan magani kala biyar ko fiye, kuma magungunan sa fitsari da na damuwa da na riƙe mafitsara suna busar da baki, yawu in ya ragu haƙori ya dinga ruɓewa daga gindi, wanda zai iya rage maganin ko ya canza shi kuwa likitan da ya rubuta ne. Maganin hawan jini irin nifedipine da na farfaɗiya phenytoin suna kumbura dasashi. Mai shan warfarin ko wani maganin tsinka jini ba a cire masa haƙori sai an san awon jininsa, kuma ba a so a dakatar da maganin haka kawai, don dakatar da shi na iya jawo shanyewar jiki. Sai magungunan ƙarfafa ƙashi irin su alendronate da denosumab, waɗanda kan jawo ruɓewar ƙashin muƙamuƙi bayan cire haƙori, matsalar da wani likita Robert Marx ya fara bayyanawa a Amurka a 2003, don haka ake son a gyara baki tun kafin a ɗora mutum a kansu. Ciwon suga da ciwon dasashi ma kowanne na ƙara wa ɗan uwansa ƙarfi.

Yadda tsarin yake a aikace

A 1989 ma'aikatar lafiya da ƙungiyar likitocin haƙori ta Japan suka ƙaddamar da kamfen ɗin 8020, wato mutum ya kai shekara 80 da haƙoransa 20. Lokacin waɗanda suka cika wannan ba su kai 1 cikin 10 ba, zuwa 2016 sun haura rabi. Nasara ce amma ta zo da nata aikin, don haƙoran roba cirewa ake a wanke a kwano, na gaske kuwa sai an shiga bakin mutum, mai ciwon mantuwa kuma yana iya datse baki ko ma ya ciji yatsa.

Inshorar kula da tsofaffi ta fara aiki a watan Afrilun 2000, kuma inshorar lafiya na biyan likitan haƙori ya je inda mara lafiya yake da kayan aikinsa a jaka. Daga Afrilun 2024 ya zama dole gidajen su kasance da tsarin kula da baki, likitan haƙori ko ƙwararren mai tsaftace baki ya riƙa ba ma'aikata horo aƙalla sau 2 a shekara. Akwai kuma zagayen lokacin cin abinci, inda likita da likitan haƙori da nas da mai tsara abinci da mai koyar da magana da haɗiya ke tsayawa kan tsohon yana ci, su ga yadda yake tauna da yadda ya zauna da ko muryarsa ta canza bayan ya haɗiye, daga nan a yanke ko a dama masa abincin ya yi laushi, ko a kaurara ruwan shansa, ko haƙoran robar ne suka yi masa sako-sako a gyara.