Jibga hotuna: me masu kyamara ke nufi da "sitakin"?

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto da dare ya san wannan takaicin. Sararin sama da ya kamata ya fito baƙi ƙirin sai ya fito da ɗigo-ɗigo ja da kore da shuɗi, kamar an watsa masa yashi. Masu sana'ar hoto suna kiran wannan yashin "noyis". "Sitakin" kuwa, wato jibga hotuna, shi ne a ɗauki abu ɗaya sau da yawa ba tare da kyamara ta motsa ba, sannan a ɗora hotunan a kan juna a kwamfuta, a fitar da guda ɗaya mai tsabta.

Daga ina yashin yake fitowa? Haske ba ya kwarara kamar ruwan famfo, ɗis-ɗis yake sauka kamar yayyafi. Da rana yawansa yana rufe bambancin. Da dare kuwa, wani ɗigo a na'urar kyamara zai samu ɗis 10, maƙwabcinsa ya samu 6, alhali abu ɗaya suke kallo. Ga kuma abin da zafi da lantarkin kyamarar ke ƙarawa. Ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a kyamara, ba ya kawo sabon haske, abin da ya shigo kawai yake kumbura, har da dattin.

Sirrin shi ne, yashin ba ya tsayawa wuri ɗaya. A hoton farko yana nan, a na biyu ya koma can, amma bango da tauraro da itace suna nan inda suke. Kamar mai awon gero ne: kowane mudu tozonsa ya ɗan bambanta da na baya, amma in ya auna sau da yawa ya raba, sai ya kusanci ainihin awon. Haka manhaja take yi wa kowane ɗigo na hoton.

Sai dai ribar ba ta tafiya daidai da yawan hotunan, kuma a nan ne mutane ke ɓata lokacinsu. Hoto 4 yana rage yashin zuwa rabi. Kafin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu sai ka tara 16, kashi ɗaya cikin goma kuma sai 100. A ganina, mai ɗaukar hoton masallaci ko titi da dare, 8 zuwa 16 sun ishe shi. Abin da ya wuce haka, cika ma'ajiya ne.

A Photoshop, ana shigar da hotunan a jere, a bar manhajar ta daidaita su, a mayar da su Smart Object, wato a dunƙule su wuri guda, sannan a zaɓi Mean ko Median. Mean yana tara ƙimar ya raba. Median yana ɗaukar ta tsakiya ya yar da waɗanda suka fanɗare, shi ya sa in wani ya gitta a hoto ɗaya ko biyu, sai ya ɓace ɓat kamar bai taɓa wucewa ba.

Masu hoton taurari su suka fi kowa dogaro da wannan dabara. Matsalarsu ita ce duniya tana juyawa, kimanin digiri 15 a awa, don haka taurari suna gusawa tsakanin hoto da hoto. Manhajoji irin su DeepSkyStacker da Siril da Sequator, dukkansu kyauta, suna daidaita taurarin kafin su haɗa. Shahararren hoton nan na sama mai nisa da madubin hangen nesa na Hubble da ke sararin samaniya ya ɗauka a Disambar 1995, hotuna 342 ne aka tara cikin kwana 10. Wayar hannu ma haka take yi a ɓoye: tsarin Night Sight da Google ta fitar a 2018 yana ɗaukar hotuna da yawa a jere ya haɗa su, dalilin da ya sa wayar ke cewa ka riƙe ta kada ka motsa.

Akwai dattin da jibgawa ba ta iya wa. Idan wani ɗigo a na'urar ya lalace yana haske a wuri ɗaya kullum, manhaja za ta ɗauka ainihin hoton ne ta bar shi. Maganinsa a rufe bakin kyamara da murfinta, a ɗauki wasu hotunan duhu da saiti iri ɗaya, a ba manhajar ta ɗebe su daga sauran.